Yadda za ka shiga musun "wa ya fi kowa a kurket" ba tare da an kashe maka baki ba

Duk wanda ya taɓa zama a majalisa ana musun Messi da Ronaldo, can sai wani dattijo ya tsoma baki ya ce ku yara ai don ba ku ga Maradona ba ne, to ya riga ya san rabin abin da zan faɗa. Sai dai musun kurket ya fi na ƙwallon ƙafa rikici nesa ba kusa ba, don tun 1877 ake buga wasan nan tsakanin ƙasashe kuma komai a rubuce yake, kowane jifa kowane maki, shi ya sa kowa yana da lambar da zai jefe ka da ita. Ni ranar da na fara sa baki a irin wannan musu, tsakanin wani ɗan Indiya da wani ɗan Pakistan da muke aiki tare, ko minti biyu ban yi ba aka gama da ni. Cewa na yi Sachin Tendulkar na Indiya ya fi kowa tunda shi ya fi kowa tara maki, sai ɗan Pakistan ɗin ya kalle ni ya ce a wane irin wasa, kuma wasa nawa ya buga kafin ya tara su? Na yi tsit. To ga abin da na koya daga ranar zuwa yau.

Kafin komai, ku yarda a kan wane kurket kuke magana

Kurket ba ɗaya ba ne, uku ne. Akwai Tes, wanda ake yi har kwana biyar, shi ne na asali kuma shi manya ke auna mutum da shi. Akwai wasan yini ɗaya da aka fara tsakanin ƙasashe a 1971, kofin duniyarsa na maza na farko 1975. Sai T20 na awa uku da 'yan kai, wanda ƙasashe suka fara a ɓangaren maza a 2005, gasar IPL ta Indiya ta zo a 2008 ta cika shi da kuɗi. In ba ku tsayar da wannan ba tun farko, wallahi za ku kwana kuna ihu, kai kana gabas shi yana yamma. Donald Bradman na Ostireliya bai taɓa buga wasan yini ɗaya na ƙasa da ƙasa ba, babu shi ma a zamaninsa. Virat Kohli na Indiya kuma a wasan yini ɗaya ne ya fi ban tsoro, a 2023 ya ci ɗari, wato maki 100 a shiga ɗaya, karo na 50 ya wuce 49 ɗin Tendulkar, a filin Wankhede na Mumbai, Tendulkar ɗin na zaune yana kallo, amma a Tes da matsakaicin 46 da ɗoriya ya yi ritaya, wanda yana da kyau sai dai bai kai a sa shi layin farko ba. Ka ga mutum ɗaya, amsa biyu.

Sannan ku raba masu duka, wato masu bugun ƙwallo da katako su tara maki, da masu jifa, waɗanda ke jefo ƙwallon don su fitar da mai duka daga wasa, da waɗanda suka iya duka biyun. Haɗa Shane Warne, mai jifa na Ostireliya, da Brian Lara, mai duka na Wes Indis (ƙungiyar ƙasashen Karibiyan), a sikeli ɗaya kamar ka ce tsakanin gola da ɗan gaba wa ya fi cin ƙwallo ne.

Ka san lissafin matsakaici, in ba haka ba za a yaudare ka

Wannan ita ce lambar da za ka fi ji. Ga mai duka, ana ɗaukar duk makin da ya ci a raba da sau nawa aka fitar da shi, lura fa, sau nawa aka fitar da shi, ba sau nawa ya shiga ba. Wanda ya tsaya a 40 ɗan wasa ne mai kyau, wanda ya haura 50 ya shiga sahun manya. Ga mai jifa kuma abin a juye yake, makin da aka ci a kansa ake rabawa da yawan mutanen da ya fitar, ƙanƙantar lambar ita ce kyawunta, ƙasa da 25 gwani ne.

Jimillar maki kuma tana nuna daɗewa ne fiye da komai. Tendulkar ya buga Tes 200, ya tara 15,921, matsakaicinsa 53.78. Bradman Tes 52 kacal ya buga, ya tara 6,996. In jimilla ce hujjarka to ka ce Tendulkar ya ninka Bradman sau biyu da wani abu, kuma duk wanda ya san wasan zai yi maka dariya. Wannan shi ne kuskuren da na yi a ranar farko.

In ana dara, fidda uwa ake yi

Maganar Bradman sai an ware ta gefe, don ita ce ke lalata kowane musu. Matsakaicin mutumin nan ɗan Ostireliya 99.94 ne. Sau 80 ya shiga duka, sau 70 aka fitar da shi, ɗari sau 29. A wasansa na ƙarshe a filin Oval na Landan a 1948 maki 4 kawai yake buƙata ya cika 7,000 matsakaicinsa ya zama 100 cif, sai Eric Hollies ya fitar da shi bai ci ko ɗaya ba. Wannan labarin kowa ya san shi, kada ka faɗe shi kamar wani sabon abu ka gano.

Abin da za a ce maka a kansa, kuma ka shirya masa, shi ne: ai zamanin da ne, ƙasashe kaɗan ne, a Ingila da Ostireliya kawai ya buga Tes, bai taɓa zuwa Indiya ya fuskanci masu murza ƙwallo, wato masu jifan da ke sa ta karkata in ta taɓa ƙasa, a filin da ya bushe ya tsattsage ba, 37 daga cikin wasanninsa 52 da Ingila ya yi su, kuma babu bidiyon da masu jifa za su zauna su yi ta nazarin inda rauninsa yake. Duk gaskiya ne, kada ka musa ko ɗaya, in ka musa gaskiya ka faɗi tun ba a je ko'ina ba. Abin da za ka tambaya shi ne, to in zamanin ne mai sauƙi, me ya hana sauran su ci kamar shi? Wally Hammond na Ingila gwani ne na gaske, 58 ya tsaya. Herbert Sutcliffe 60. George Headley na Wes Indis 60. Len Hutton 56. Wato manyan zamaninsa a daidai inda manyan kowane zamani suke tsayawa suka tsaya, tsakanin 50 da 60, shi kaɗai ne ya ba su tazarar kusan maki 40. Fili ɗaya, ƙwallo ɗaya, masu jifa ɗaya.

Kuma wannan ita ce dabarar da ni na ɗauka ta fi kowacce a duk musun nan: kada ka ɗauko mutum daga 1930 ka dire shi a 2020 ka ce da yaya zai yi, babu wanda ya sani, zancen da-na-sani ne da ƙila-wa-ƙala. Ka auna tazarar da ya ba abokan zamaninsa, sannan ka gwada ta da tazarar da wancan ya ba nasa. Da wannan ma'aunin babu mai duka da ya ko kusanci Bradman. Har sai da Ingila ta zauna ta ƙirƙiro dabara musamman dominsa a 1932 zuwa 1933, kyaftin ɗinsu Douglas Jardine ya sa Harold Larwood ya dinga auna jikin masu duka da jifa mai gudu, babu hular kwano babu komai, abin ya kusa ɓata zumuncin ƙasashen biyu, amma duk da haka matsakaicin Bradman a wannan jerin wasannin 56 ne. Wato lokacin da aka ce an yi maganinsa ke nan, ya sauko daidai inda wasu gwanaye suka ƙare rayuwarsu. Ga kuma yaƙin duniya na biyu da ya ci masa shekaru, daga 1938 bai ƙara buga Tes ba sai 1946 yana ɗan shekara 38.

Zamani riga ne, ka san abin da ya canza

Nan ne za ka nuna ka yi karatu. A da ba a rufe tsakiyar fili in an fara wasa, ruwan sama ya sauka rana ta fito ƙasa ta yi danƙo, ƙwallo ta dinga tsalle yadda ta ga dama, shi ya sa lambobin masu jifan da can suke kamar ƙarya, Sydney Barnes ya fitar da mutum 189 a Tes 27 kawai a kan matsakaicin 16.43 kafin yaƙin duniya na farko. Hular kwano sai ƙarshen shekarun 1970 ta shigo. Dokar taƙaita jifan da ke tasowa saitin kai sai farkon shekarun 1990. Alƙalan wasa a da 'yan ƙasar da ake wasan a cikinta ne, sai 2002 aka mayar da duka biyun 'yan ba-ruwanmu. Na'urar da ɗan wasa zai ƙalubalanci hukuncin alƙali da ita a 2008 aka fara gwada ta. Katakon duka kansa ya yi ta kauri har sai da aka sa masa iyaka a 2017. A wasan yini ɗaya kuma daga 2011 aka koma amfani da sababbin ƙwallaye biyu, abin da ya rage wa masu jifa dabarar lanƙwasa tsohuwar ƙwallo irin wadda Wasim Akram da Waqar Younis na Pakistan suka shahara da ita, shi ya sa maki 300 da a da ake ganin an gama wasa yanzu ba ya tsorata kowa.

Amma ka yi adalci, canjin ba gefe ɗaya ya bi ba. Ɗan wasan yanzu yana fama da tafiye-tafiye shekara cur, nau'in wasa uku, masu tare ƙwallo da ke shawagi kamar tsuntsaye, da kwamfuta da ta haddace duk inda aka taɓa fitar da shi. In ka ce na da ne kaɗai suka sha wuya, kai ma ka zama dattijon majalisar nan mai Maradona.

Wa ya fuskanta, kuma a ina?

Giwa a garin wani zomo ce, haka abin yake a kurket fiye da kowane wasa, don filin Perth na Ostireliya da na Chennai na Indiya kamar wasa biyu ne daban. Saboda haka duk wanda aka kawo maka, tambayi lambobinsa a waje. A nan ne masoyan Tendulkar suke da hujja mai ƙarfi da ya kamata su fara da ita maimakon jimilla. Yaro ɗan shekara 16 aka tura shi Karachi a 1989 gaban Imran Khan da Wasim da Waqar, yana ɗan 18 ya ci 114 a Perth inda ƙwallo ke tashi har ƙirji, sannan ya shafe shekara 24 yana fuskantar McGrath da Warne da Ambrose da Walsh da Donald da Muralitharan, ga nauyin ƙasa guda a kansa, in an fitar da shi mutane kashe talabijin suke yi. Ɗari sau 100 a wasannin ƙasa da ƙasa. Wannan ita ce hujjar, daɗewa a saman, ba wai ya fi Bradman tazara ba.

Viv Richards na Wes Indis kuma lambarsa 50.23 ce, ba ta kai ta wasu ba, amma bai taɓa sa hular kwano a Tes ba, da 'yar hular yadi da cingam a baki yake fitowa gaban Lillee da Thomson, masu jifan gudu na Ostireliya, kuma a 1986 ya ci ɗari a jifa 56 a kan Ingila a Antigua, lokacin da ba a san irin wannan ba. In kana gefen masu adawa da shi ga abin da za ka ce: ai masu jifan da suka fi kowa ban tsoro a zamanin, Roberts da Holding da Garner da Marshall, duk a ƙungiyarsa suke, bai taɓa fuskantarsu a Tes ba. Wanda ya fuskance su shi ne Sunil Gavaskar na Indiya, guntun mutum mai buɗe wasa, wato ɗaya daga cikin biyun da ke fara shiga duka, ɗari 13 ya ci a kan Wes Indis, ko da yake a nan ma mai wayo zai ce maka wasu daga ciki kafin waɗancan dodannin su haɗu ne. Ka ga yadda abin yake, kowace hujja tana da ƙanwarta a baya.

Musun Muralitharan da Warne ma a nan yake kwana. Murali na Siri Lanka ya fitar da mutum 800 a kan 22.72, Warne 708 a kan 25.41, a takarda an gama magana. Sai 'yan Warne su ce 176 daga na Murali a kan Bangladesh da Zimbabwe ya same su, Warne kuwa 17 kawai, kuma Murali a filayen gida masu taimakon murza ƙwallo ya yi yawancin aikinsa, sannan su tono maganar lanƙwasar hannunsa da wani alƙali ya hukunta a Melbourne a 1995. 'Yan Murali su ce an gwada hannun a ɗakin bincike an wanke shi, kuma shi kusan shi kaɗai yake ɗauke da ƙungiyarsa alhali Warne yana da McGrath a ɗaya gefen yana matse masa mutane, kuma ina Warne ɗin yake in an haɗu da Indiya, da matsakaicinsa ya haura 45? Ni dai Warne nake ɗauka, amma in gaya maka gaskiya rabin dalilin jifan nan ne da ya yi wa Mike Gatting a Manchester a 1993, na kalle shi a YouTube ya fi a ƙirga, kuma na san wannan ba hujja ba ce, so ne.

Ba kowane ɗari ne ɗari ba

Lara shi ne misalin da ya fi dacewa. Yana da 400 ba a fitar da shi ba a kan Ingila a 2004, har yau babu wanda ya kamo shi a Tes, yana da 501 a wasan cikin gida na Ingila a 1994. Amma ka tambayi waɗanda suka san wasa wanne ne mafi girman aikinsa, za su ce maka 153 ɗin da ya ci a Barbados a 1999 a kan Ostireliya, ana bin maki 308, McGrath da Warne na jifa, 'yan uwansa na ta zubewa har ya rage mutum ɗaya tal, ya kai su ga nasara. Wasan 400 ɗin canjaras aka tashi. In ka kawo 153 a musu maimakon 400, nan take za a gyara zama a san ba baƙo ba ne kai.

Kada ka manta da waɗanda tarihi ya yanke wa hanya. Graeme Pollock matsakaicinsa 60.97 amma Tes 23 kawai ya samu, Barry Richards 4 kacal, saboda an kori Afirka ta Kudu daga wasan duniya daga 1970 zuwa 1991 kan wariyar launin fata, kuma kafin ka gama tausaya musu ka tuna baƙaƙe da sauran waɗanda ba farare ba na ƙasar da ko damar shiga ƙungiyar ba a ba su ba. Haka in wani ya ce Tendulkar ne ya fara cin 200 a wasan yini ɗaya a 2010, ka gyara masa a hankali, a maza ne, Belinda Clark ta Ostireliya ta ci 229 tun 1997, kuma kofin duniya na mata a 1973 aka fara shi, shekara biyu kafin na maza.

In tambayar "ɗan kurket" ce ba "mai duka" ba

To a nan amsa ta canza, kuma ni Garfield Sobers na Wes Indis nake cewa. Maki 8,032 a kan 57.78, ya fitar da mutum 235, yana jifan gudu yana kuma murza ƙwallo iri biyu, duk da hannun hagu, ga kama ƙwallo, ya ci 365 yana ɗan shekara 21, shi ya fara buga shida, wato dukan da ke tsallake iyakar fili ta sama ya ba da maki shida, sau shida a jere a wasan cikin gida na Birtaniya a 1968. Za a kawo maka Jacques Kallis, maki 13,289 da mutum 292, kuma gaskiya a lamba bai gaza Sobers ba, mutane ne kawai ba sa jin daɗin kallonsa kamar yadda suke jin na Sobers, ka yarda da wannan kada ka ɓoye. Za a kawo Imran Khan, mutum 362 a kan 22.81 ga shugabanci ga kofin duniya na 1992, shi ma da hujjarsa, musamman in abokin musunka ɗan Pakistan ne, a nan sai ka yi haƙuri ka saurara. Lokacin da littafin shekara-shekara na Wisden ya tara masana 100 a shekarar 2000 su zaɓi biyar na ƙarni, Bradman ya samu ƙuri'a 100 cif, Sobers 90, sai Jack Hobbs 30, Warne 27, Viv Richards 25. Ka riƙe wannan a aljihu amma kada ka fara da shi, kuma ka tuna a 2000 ɗin Tendulkar da Lara da Murali da Kallis duk suna tsakiyar aikinsu.

In musu ya ƙi ƙarewa, murya ta fara tashi, abin da muke yi shi ne a ɗauko takarda kowa ya rubuta mutum 11 da zai fitar a Tes ɗaya, da sharaɗin dole a samu masu buɗe wasa biyu, mai tsaron baya ɗaya, wato mai kama ƙwallo a bayan mai duka, da masu jifa aƙalla huɗu. Nan ne za ka ga wanda ya cika baki da sunaye shida duk masu shiga duka a layi na huɗu ya rasa wanda zai cire. Tawa takardar Hobbs da Gavaskar a gaba, Bradman, Tendulkar, Richards, Sobers, sai Gilchrist a baya, Imran kyaftin, Warne, da Malcolm Marshall wanda ya fitar da 376 a kan 20.94 kuma ba na ma tattaunawa a kansa. Na bar Lara a benci kuma abin yana damuna. Gurbi na sha ɗaya ne har yau na kasa cikewa, in filin Ingila ne McGrath nake rubutawa, in na Lahore ne in goge in sa Wasim, kuma ɗan Indiyar nan kullum sai ya ce min hakan maguɗi ne, mutum ɗaya aka ce.